Kalmar Enthymeme: Yadda Ake Furta Ta da Yadda Ake Raba Gaɓoɓinta



Batun wannan lacca kalma ce guda ɗaya tak ta Turanci, mai haruffa tara, wadda ake rubutawa *enthymeme*. Kalma ce ta ilmin manɗiƙi, wato ilmin da ke auna hujja don a gane ingantacciya daga gurguwa. Mutum yana iya gama jami'a, ya yi aikin gwamnati shekara talatin, bai taɓa jin an furta ta ba ko sau ɗaya, kuma daga nan matsalar take tasowa. Kalmar da ke yawo a bakin jama'a kunne ne ke koyar da ita, kuma kunne ba ya cika yin kuskure. Wadda kuwa sai a littafi ake gamuwa da ita, ido ne malaminta, shi kuwa rubutun Turanci ya daɗe da yin suna wajen yaudarar ido. Ɗalibin falsafa ko na shari'a yakan karanta kalmar a zuci har shekara uku, sai ran da ya tashi kāre kundinsa a gaban malamai ya ga ba su gane abin da ya faɗa ba. Idan kuma ya zama malami bai gyara ba, aji guda ne zai gaji kuskuren.

Ya kamata a fara da ma'ana. Cikakken ƙiyasi a manɗiƙi yana tsayawa ne bisa muƙaddama biyu da natija ɗaya. Alal misali: ma'aikacin gwamnatin tarayya da ya cika shekara 60 da haihuwa yakan ajiye aiki, wane ya cika shekara 60, saboda haka wane zai ajiye aiki. Amma ba wanda ke magana haka a ofis. Abin da ake ji shi ne, “Ai wane ya cika sittin, bana zai tafi.” An faɗi muƙaddama ɗaya da natija, an bar ɗaya muƙaddamar a zuci, don an ɗauka kowa ya san ta. Wannan gajeren ƙiyasi shi ake kira *enthymeme* a littattafan manɗiƙi na yanzu. Amfaninsa sauri, haɗarinsa kuwa shi ne muƙaddamar da aka ɓoye ba ta samun mai bincikenta. Idan wanen nan farfesa ne a jami'a, to maganar ta rushe, domin dokar da aka yi a 2012 ta kai shekarun ritayar farfesoshi 70. Aristotal, wanda malaman Larabci ke kira Arisɗo, wanda ya rayu daga shekara ta 384 zuwa ta 322 kafin haihuwar Annabi Isa, shi ne ya ba kalmar matsayi a littafinsa na fasahar huɗuba, ko da yake abin da ya fi nufi da ita shi ne hujjar da mai jawabi ke ginawa bisa alamu da abin da ya fi yiwuwa. Ma'anar ƙiyasi mai ɓoyayyar muƙaddama daga baya ta rinjaya.

To, yaya ake faɗinta? Hanyoyin ɓata guda uku ne suka fi kama mai karatu, kuma kowacce tana da dalilinta mai kama da gaskiya. Ta farko ita ce ƙirga wasula. Wanda ya koyi karatu da Hausa ya saba da cewa kowane wasali da aka rubuta ana furta shi, sai ya duba ya ga *e* da *y* da *e* da *e*, ya yanke cewa gaɓa huɗu ce, ya ce *en-ti-me-me*. Ta biyu ta fi ban dariya, kuma ta fi yawa fiye da yadda ake zato. A tsakiyar kalmar akwai haruffan nan biyar, *thyme*, sunan ganyen ƙamshin nan da ake zubawa a miya da dafa-duka tare da kori, wanda kowace uwargida ta san ana kiransa tayim. Ido yana ganinsa sai ya tsinke kalmar gida uku, *en* da *thyme* da *me*, baki ya ce *en-taim-mi*. Ta uku ta masu karanta tsohon Turanci ce, waɗanda suka san *thy* mai ma'anar “naka”, sai su ja wasalin tsakiya su mai da shi *ai*, su kuma saki murya a kan baƙin.

Ingantaccen furucin gaɓa uku ne, sautuka bakwai cikin haruffa tara, domin *t* da *h* sauti ɗaya suke wakilta, *e* ta ƙarshe kuwa ba a furta ta. Gaɓar farko ita ce *en*, da gajeren wasali irin na *ten*, kuma a kanta nauyin murya yake sauka. Ta biyu tana farawa da sautin da ke farkon *think*, wanda masana furuci ke rubutawa da alamar θ, sai gajeren *i* mai rauni wanda ake wucewa da sauri. A bakin Amurkawa da yawa ma yakan raunana har ya rasa kamanni. Ta uku ita ce *miim*, da dogon wasali da leɓɓa a rufe, tana amsa amo da *team* da *dream*. A taƙaice *EN-θi-miim*. Ingila da Amurka ba su saɓa ba a kan yawan gaɓoɓin ko wurin nauyin murya. Akwai ɗan abu guda da mai duba ƙamus zai iya cin karo da shi: wasu ƙamusoshi sukan sa ƙaramar *t* tsakanin *n* da θ a kalmomi irin su *anthem*. Wannan *t* ba ta cikin asalin kalma. Tana faɗowa ne da kanta idan hanyar hanci ta rufe kafin harshe ya saki, kuma faɗinta da barinta duk daidai ne.

Dalilin da ya sa rubutu da furuci suka yi hannun riga yana cikin tarihin kalmar, kuma a nan ya kamata a ɗan dakata. A Girkanci kalmar *enthumema* ce, mai gaɓa huɗu, da dogon wasali a gaɓa ta uku. An gina ta daga *en*, wato “cikin”, da *thumos*, wato zuciya ko rai, ta hanyar wani aikatau mai ma'anar riƙe abu a rai ana juya shi. Ke nan wanda ya ce *en-ti-me-me* bai yi nisa da Girkawa ba wajen ƙirga, sai dai ya makara da shekaru dubu biyu. Harafin da ake rubutawa *th*, a Atina ta zamanin Aristotal *t* ce mai fitar da iska. Daga baya ne ta koma sautin saka harshe tsakanin haƙora. Harafin da ya zama *y* kuwa ana furta shi ne da leɓɓa a zagaye, kamar *u* ta Faransanci. Rumawa ba su da waɗannan sautuka, sai suka rubuta na farko da haruffa biyu, suka aro harafi sukutum don na biyu, shi ya sa har gobe Faransawa ke kiran *y* da suna “i ta Girka”. Daga Latinanci kalmar ta shiga Turanci a ƙarni na 16, zamanin da aka fara rubuta littattafan manɗiƙi da harshen Ingilishi, irin wanda Thomas Wilson ya fitar a 1551. A daidai wannan zamani dogayen wasulan Turanci suna cikin ƙaura, wadda ta ɗauki kimanin daga 1400 zuwa 1700, inda dogon *ee* ya koma *ii*, alhali injin ɗab'i, wanda William Caxton ya kafa a Ingila a 1476, ya fara daskarar da rubutu a yadda yake. Don haka ake rubuta *e* a faɗi *ii*.

Saura batun *e* ta ƙarshe, wadda ita ce tushen rikicin ƙirga gaɓoɓi. Ba daidai ba ne a koya wa ɗalibi cewa *e* a ƙarshen kalmar Turanci kullum bebiya ce, domin kalmomin ilmi da yawa suna ƙaryata wannan. *Epitome* ma da *me* ta ƙare, amma gaɓarta huɗu, kuma ana furta ta ƙarshen sarai. Haka *hyperbole* da *catastrophe* da *apostrophe*. Abin da ya raba su da kalmar da ake magana a kai shi ne asali. Waɗannan a Girkanci da dogon wasalin *e* suka ƙare, Turanci ya riƙe shi. Ita kuwa *enthymeme* tana cikin dangin kalmomin da suka ƙare da *ma*, kuma a wannan dangi gaɓar ƙarshe faɗuwa take yi. Wasu sun fito a gundule, kamar *problem* da *system* da *poem* da *theorem*. Wasu kuma an bar musu *e* a rubuce don ta nuna wasalin da ke gabanta dogo ne, kamar *scheme* da *phoneme*. Wanda ya riƙe wannan bambanci ya sami mabuɗin kalmomi masu yawa, ba wannan kaɗai ba. Irin tarkon nan ne kuma ke cikin wata kalmar manɗiƙi, *sorites*, sunan jerin ƙiyasi mai kama da sarƙa, wadda ido ke so ya karanta da gaɓa biyu alhali uku ce, *so-RAI-tiiz*.

Ɗaliban wannan zamani suna da wani abin tuntuɓe da na da ba su da shi. Sun saba da kalmar *meme* ta hotunan barkwanci da ake yaɗawa a intanet, suna ganinta a ƙarshen *enthymeme* sai su ɗauka haɗaɗɗiyar kalma ce. Richard Dawkins ne ya ƙirƙiri *meme* a 1976, daga wata kalmar Girkanci mai ma'anar abin da aka kwaikwaya, kuma saiwarta daban ce. Amma kamannin yana da ɗan amfani, tunda furucinsu ɗaya ne, *miim*, in dai mutum ba ya cikin masu kiran waccan ma *me-me*.

Raba gaɓoɓi shi ne wurin da masana da kansu suka saɓa, kuma wajibi ne a bambanta abubuwa biyu da ake yawan cakuɗawa. Akwai gaɓar furuci, wadda baki ke yi, akwai kuma wurin da mai rubutu zai sa karan ɗori idan layi ya ƙare kalma ba ta ƙare ba. A kan na farko, kowa ya yarda gaɓa uku ce, gardamar tana kan iyakoki. Ra'ayin da ya fi yaɗuwa shi ne a tura baƙi zuwa farkon gaɓar da ke biye muddin harshen ya yarda kalma ta fara da shi. Turanci yana fara kalma da θ, amma ba ya farawa da *n* da θ a haɗe, saboda haka *n* ta tsaya a gaɓar farko, θ ta tafi ta biyu, *m* ta tafi ta uku: *en-thy-meme*. Wannan ita ce hanyar da bugun baya-bayan nan na ƙamusun furuci na Daniel Jones, wanda ya fara fitowa a 1917, suka fi karkata gare ta. John Wells kuwa, a ƙamusunsa na furuci na 1990, ya bi wata ƙa'ida dabam, cewa gaɓar da ta fi nauyin murya ita ke janye baƙin da ke kusa da ita, in har kalmar Turanci tana iya ƙarewa da irin wannan haɗi. Tunda akwai *tenth* da *month*, bisa ƙa'idarsa θ ta gaɓar farko ce, rabon ya zama *enth-y-meme*. Hujjarsa ba ta banza ba ce, domin ƙaramar *t* ɗin nan da aka ambata ta fi faɗowa idan *n* da θ suna manne a gaɓa ɗaya.

Akwai kuma rabo na uku, wanda ba ya duban furuci sam, sai ginin kalma: ɗafa-goshi *en*, saiwa *thym*, ɗafa-ƙeya *eme*. A nan *m* ta farko ta saiwa ce, don haka *en-thym-eme*. Tsohuwar al'adar maɗaba'un Ingila ta fi son yanka kalma bisa asalinta, ta Amurka kuwa tun zamanin Webster ta fi bin furuci, shi ya sa ake samun *know-ledge* a wani littafi da *knowl-edge* a wani. Ga ma'aikacin da ke shirya takarda, wanda ba gardamar masana ta dame shi ba, rabon farko ya fi dacewa, domin shi ne ba ya ɓatar da mai karatu. Wanda ya ga *enthym* a ƙarshen layi ba shi da abin da zai nuna masa yadda zai ci gaba, wanda kuma ya ga *eme* ita kaɗai a farkon layi zai yi tsammanin kuskuren bugu ne. Wuri ɗaya ne duk ra'ayoyin suka haɗu a kan haramcinsa, wato tsakanin *t* da *h*. A *anthill*, gidan tururuwa, halal ne a yanka a nan, don kalmomi biyu ne aka haɗa, kowane harafi da sautinsa. A *anthem* da *enthymeme* kuwa yanka sauti ɗaya ne gida biyu. Kwamfuta tana yi wa mutane wannan aiki yanzu, amma ita ma a kan kalmomin da ba a saba da su ba ta fi yin tuntuɓe, don haka duba da ido bai zama tsohon yayi ba.

Abin da ya fi shafar masu sauraro shi ne yadda bakin Bahaushe ke karɓar wannan kalma, domin kowace gaɓa daga cikin ukun tana da inda take karo da tsarin Hausa. Gaɓar Hausa iri uku ce: baƙi da gajeren wasali, baƙi da dogon wasali ko tagwai, sai baƙi da gajeren wasali da baƙi. Ba a samun dogon wasali a rufaffiyar gaɓa. Shi ya sa wasalin ƙarshe na “gida” dogo ne, amma a “gidansa” ya gajarce. To *miim* kuwa dogon wasali ne a rufaffiyar gaɓa, abin da Hausa ba ta ɗauka. Hanyoyi biyu harshen ke bi da irin wannan baƙo, ko dai ya gajarce wasalin kamar yadda ya yi a “mashin”, ko ya ƙara wasali a ƙarshe ya buɗe gaɓar kamar a “kotu”. Bugu da ƙari, *m* a ƙarshen kalma takan koma ta hanci zalla a bakin mutane da yawa, kamar yadda ake jin “malam” da “kullum” a Kano ba tare da an rufe leɓɓa ba. Gaɓar farko ma ba ta tsira ba, domin gajeren *e* ba ya zama daram a wannan wuri. “Injin” da “ambulan” duka daga kalmomin Turanci masu farawa da *en* suka fito, ɗaya ta koma *in*, ɗaya *am*.

Sai θ, wadda Hausa ba ta da ita. Bahaushe yakan mai da ita *s* idan yana Turanci, mutanen kudancin Nijeriya kuma *t*. Wannan ba sabon abu ba ne, domin Larabci yana da sautin a harafin ث, kuma kalmomin da Hausa ta aro sun rabu biyu: “Usman” da “misali” da “hadisi” da “sulusi” sun ɗauki *s*, “Talata” da “talatin” da “tamanin” sun ɗauki *t*. Idan aka tara waɗannan duka, aka bar harshe ya yi yadda ya ga dama, abin da zai fito ba zai rasa kama da *insimin* ba, wanda ba Baturen da zai gane shi. Amma wanda ya yi karatun tajwidi ya riga ya mallaki sautin, abin da ya rage masa kawai ya gane cewa shi ne dai ake nema a nan, ya sa kan harshe a bakin haƙoran sama tun daga *n*, ya saki iska ba murya.

Kurakuran nan ba nauyinsu ɗaya ba, kuma malamin da ya ɗauke su ɗaya yana ɓata lokacin ɗalibansa. Wanda ya ce *EN-ti-miim*, da *t* a madadin θ, za a fahimce shi a kowane taron ilmi, tunda mutanen Ayalan da yawa ma kusan haka suke yi da wannan sauti, ga shi kuma ya fi Baturen Ingila kusa da furucin Aristotal. Ɗaliban Yamai da Maraɗi da Damagaram, waɗanda suka san kalmar ta hanyar Faransanci, da *t* ɗin suka koye ta, da wasalin hanci a farko da *mem* a ƙarshe, kuma ita ma can gaɓa uku ce. Abin da ba a yafewa shi ne ƙara gaɓa, ko mai da nauyin murya tsakiya, ko gajarce wasalin ƙarshe, domin da waɗannan ukun kunnen mai jin Turanci ke gane kalma. A lura kuma cewa nauyin ba ya zama wuri ɗaya idan kalmar ta haifi wata. Siffar da ake samu daga gare ta, *enthymematic*, gaɓa biyar ce, *en-thy-me-mat-ic*, nauyin ya koma kan *mat*, kamar yadda *problem* ke zama *problematic*. A nan *m* ta biyu ta bar gaɓarta ta da ta shiga ta gaba, kuma *ma* ɗin Girkanci da ta faɗi ta sake bayyana.

Wata tambaya da takan taso ita ce ko Hausa tana bukatar aro wannan kalma. Manɗiƙi ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Shehu Magili, wanda ya zauna a Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarshen ƙarni na 15, ya yi rubutu a kan fannin, har ya yi musayar baitoci da Suyuɗi na Masar wanda ke ganin haramcinsa, kuma littafin Sullam na Ahlari, wanda aka wallafa a ƙarni na 16, ya daɗe ana karanta shi a zaurukan malamai. Masana falsafar Musulunci irin su Farabi da Ibn Sina da Ibn Rushd, da suka zo kan wannan nau'in hujja a littafin Aristotal, sun kira shi da kalmar Larabci mai ma'anar abin da aka ɓoye a zuci, wadda ke farawa da harafin ض. Hausa takan mai da wannan harafi *l*, kamar a “alƙali” da “larura” da “alwala”, kuma ta wannan hanya kalmar ta riga ta shigo tun da daɗewa a matsayin “lamiri”, wadda ake amfani da ita ga zuciyar da ke yi wa mutum hukunci, da kuma wakilin suna a nahawu. Mai fassara ko mai koyar da manɗiƙi da Hausa, in ya ce “ƙiyasin lamiri”, ya sami suna mai gaɓoɓin da bakin ɗalibansa ya saba da su, wanda kuma ma'anarsa ta yi daidai da *en* da *thumos* na Girkawa. Kalmar Turancin sai a bar ta ga jarrabawa da taron da ake yi da Turanci, a faɗe ta da gaɓa uku, nauyi a ta farko, leɓɓa a rufe a ƙarshe.